Gwaggona na can ƙasar Maraɗi tun 2019, in ɗauko ta ko in bar ta?

Bello_Tudunwada:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema dan Allah, wanda ya san abin ya yi magana wanda bai sani ba ya sa mu a addu'a. Gwaggona ce, ƙanwar mahaifina, tun daminar 2019 da aka tashi ƙauyensu can ƙasar Shinkafi ta bi ayari suka tsallaka Nijar ita da jikoki huɗu, mijin nata dama a harin ya rasu. Da farko wani ƙauye suka zauna nan bakin iyaka, daga baya aka kwashe su aka matsa da su ciki wajen Gidan Runji. Shekaranjiya ta ari wayar wani ta kira ni tana kuka, wai ta gaji, abincin da ake ba su ya ja baya, ita dai a maido ta gida ko mutuwa ce ta mutu kusa da kabarin mijinta. To ƙauyen yanzu kango ne, ko akuya babu. In na ɗauko ta nan Gusau zan kawo ta, ni kuma ciki da falo gare ni na haya, ga mata ga yara biyar. Abin da ya fi tsaya min shi ne kar ta baro can, zaman nan ya gagara, gobe kuma a sake garƙame boda kamar yadda aka yi 2023, ta rasa nan ta rasa can. Ya za ku ba ni shawara?

Ummu_Haidar:
Wa alaikumus salam. Allah sarki baiwar Allah. Malam Bello ka ɗauko ta kawai, tsohuwa ba yunwa kaɗai ke sa ta kuka ba, kewa ce. Mu gidanmu na Damba akwai lokacin da muka kai mu ashirin da ɗaya, tabarma har bakin murhu, kuma ba wanda ya mutu.

Sani_Kaura:
Hajiya ba wanda ya mutu gaskiya ne amma ai ba ki faɗi wata nawa aka yi ana haka ba. Bello kar ka yi gaggawa. Ka zaga garin nan bayan isha'i ka duba matan da ke kwana a kangaye da bakin shaguna da gefen tasha, ka tambaye su, da yawansu gidan ɗan uwa suka fara sauka. Wata uku wata huɗu aka fara ƙirga loma, su da kansu suka naɗe tabarma suka fita don kar zumunci ya lalace. Ana cewa baƙo raɓa ne, to wannan raɓar hantsi ba ya busar da ita.

Ummu_Haidar:
@Sani_Kaura wata tara muka yi. Kuma eh an yi faɗa, an yi gaba, har ni na yi yaji sau ɗaya lol. Amma yau in ka ce min in sake zan sake. Uwa ce fa, gwaggo uwa ce.

AbuZarrin_Lauya:
Bari in ɗan sa baki ta ɓangaren doka don akwai abin da Hausarmu ke haɗewa wuri ɗaya. Mu duk wanda ya gudu ɗan gudun hijira muke ce masa, amma a dokar duniya wanda ya tsallaka iyakar ƙasa daban, wanda ya gudu daga Zurmi zuwa Gusau daban. Na farkon yarjejeniyar Janiba ta 1951 da ta ƙasashen Afirka ta 1969 sun rufa masa baya, babban abin da ke ciki shi ne ƙasar da ya shiga ba ta da ikon tasa ƙeyarsa ta maida shi inda ransa ke cikin haɗari, kuma hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira na da hurumin shiga lamarinsa. Na biyun kuwa yana hannun gwamnatinsa ne, akwai yarjejeniyar Kampala ta 2009 da aka yi dominsu kuma Najeriya ta sa hannu, amma sa hannu daban aiki daban. Abin takaicin ke nan, gwaggonka tana da takarda da suna a rajista ne saboda ta bar ƙasarta. Ranar da ta dawo da ƙafarta ta zauna, a ƙa'ida wannan matsayin na iya faɗuwa, ta koma ɗaya daga cikin dubban da ke garin nan ba wanda ya rubuta sunansu.

Nafisa_Gusau:
Kai wannan magana ta barista ta kashe min jiki wlh. Wato sai ka bar ƙasarka kafin a san kai mutum ne.

Dan_Kamba:
Ni ba Bazamfare ba ne amma maganar boda ta shafe ni don a bakinta aka haife ni. Malam Bello tsoronka na kan hanya. 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da Bazoum, kwana huɗu tsakani ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, kafin ka ce me an ja ƙarfe, har wutar da ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai aka yanke. Nan Kamba manyan motoci suka yi layi, direbobi da yaran mota na dafa abinci ƙarƙashin tirela, kaya masu lalacewa suka lalace a idon masu su. Ni yayata na aure Gaya ta Nijar, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, ta haihu a lokacin nan, mahaifiyarmu sai a bayan mashin ta hanyar gona aka kai ta suna, kuɗin da za ta biya sau ɗaya ta biya sau huɗu don kowane shinge da hannu a miƙe. Ba a buɗe ba sai Maris 2024. Kafin wannan ma ka tuna an rufe Agustan 2019, wasu iyakokin aka buɗe Disambar 2020 amma mu Kamba sai Afrilun 2022. To ka lissafa da kanka, cikin shekara biyar nawa ƙofar ta yi a buɗe.

Manomi_Suru:
@Dan_Kamba ka faɗi gaskiya rabi ka bar rabi. Rufewar 2019 mu manoman shinkafa mun ga amfaninta, lokacin ne shanshera ta yi daraja, mutane suka yi rufin kwano suka sai babura. Ku 'yan boda dai sumoga ce ta tsaya muku shi ya sa kuke kuka.

Dan_Kamba:
Sumoga ta tsaya? Hahaha ranka ya daɗe shinkafar waje ba ta fasa shigowa ba ko kwana ɗaya, farashinta ne ya tashi, masu babura suka yi kuɗi. Wanda ya sha wuya mai tallar kifi ce da mai kai majinyaci, da mu da aka hana kawo mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka muka koma sayen na bumburutu.

Admin_Kabiru:
Jama'a a dawo kan tambayar bawan Allah, maganar shinkafa a buɗe mata nata zaren. Na gode.

Tsoho_Maiyadi:
Salamu alaikum ɗiyana. Ni jikana ka rubuta min. Ku yara kuna ganin rufe iyaka sabon abu na, a'a. 1984 anka rufe ta lokacin canjin kuɗɗi, ga fari ya zaka, mutanen Nijar sunka rasa hatsin da ka shiga musu daga nan, har yunwar wagga shekara El-Buhari sunka sa mata suna, ku tambayi tsofaffinsu. Lokacin su ka zakuwa wurinmu, mata da goyo da ƙwarya, mahaifina ya buɗe musu zaure da rumbu guda. Yau ga shi mu muka tahiya wurinsu. Bello, gwaggonka ba baƙuwa ta ba can, Gobir ɗaya ta, Tsibiri da Sabon Birni duk gida na. Amma dai tsoho in yac ce gida, ka saurare shi, ba kullum shika faɗi ba.

Nafisa_Gusau:
Allah ya ƙara lafiya Baba. To amma Baba ba ka ce a ɗauko ta ko a bari ba

Tsoho_Maiyadi:
Ɗiyata na ce shi tai shi gan ta da idonai. Ba a yanke wagga shawara ta waya.

Ibro_Askira01:
Ni fa ra'ayina daban, a yi haƙuri. Ina goyon bayan a tsaurara boda. Duk makaman nan da ake kashe mu da su a Zamfara ake ƙera su? Lakurawa daga ina suka ɓullo? Ku tuna abin da suka yi a Mera ta ƙaramar hukumar Augie watan Nuwamban 2024. Iyaka a buɗe sakaka kowa ya shigo kowa ya fita, sannan mu zo muna kuka. Wasu ma cikin masu gudun hijirar ake sajewa a shigo.

Dan_Kamba:
@Ibro_Askira01 yaya, ka taɓa ganin Lakurawa sun yi layi a ƙofar boda ana buga musu hatimi? Iyakarmu da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, ƙofofin hukuma kuwa a yatsu za ka ƙirga su. Ka je Dole Kaina ka gani, gari ɗaya ne, wannan gefen Najeriya wancan Nijar, wa za ka rufe wa? Mai bindiga daji yake bi da dare. Ƙarfen da ake ja a titi tsohuwa irin gwaggon Bello kawai yake tarewa.

Ibro_Askira01:
To sai a bar shi haka don yana da tsawo? Ni ban ce a hana mata da yara ba, na ce a tantance.

AbuZarrin_Lauya:
Tantancewa ba wanda ya ƙi ta, dokar ma ta yarda da ita. Inda ake samun matsala shi ne a ce saboda tsaro an maida kowa. An gani a farkon 2019 da mutanen Rann ta Borno suka gudu Kamaru aka maido dubbai daga cikinsu, duniya ta yi ta Allah wadai. Kuma maganar adalci, Nijar duk da talaucinta ta karɓi mutanen Borno a Diffa ta karɓi namu a Maraɗi.

Hadiza_Maradi:
Sannunku 'yan uwa, ni daga nan Maraɗi nake, ƙawata ce ta turo min zancen. Malam Bello in an ce wajen Gidan Runji to ina jin cikin garuruwan nan ne da HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta maida mutane don a nisanta su da iyaka, Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Akwai ruwan pampo akwai lakwal wato makaranta akwai likita, ba za a ce aljanna ba ce amma ana kwana da ido biyu rufe. Sai dai ku sani mu ma nan ba hutu muke ba, ɓarayin na tsallakowa ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji su kwashi bisashe su ɗauki mutane. Kuma tun juyin mulki komai ya yi tsada, masu ba da taimako da yawa sun ja baya. Wanda ya ba baƙo gona aro bana shi ma yana neman abin da zai ci. Ba korar kowa muke ba wallahi, ina faɗin yadda ake ciki ne.

Bello_Tudunwada:
@Hadiza_Maradi na gode ƙwarai Hajiya, Allah ya saka. Eh ɗaya daga cikin ukun nan ne. Mu ba abin da za mu ce da mutanen Nijar sai godiya.

Malama_Rabi:
Duk kuna maganar tsohuwa ba wanda ya tambayi yaran. Ni malamar firamare ce, irin yaran nan suna zuwa mana. Yaron da ya yi shekaru yana karatu da Faransanci ka kawo shi nan, ga shi da tsawo, lissafi ya iya shi tsaf amma ko sunansa ba ya iya faɗa da Turanci, sai a jefa shi aji biyu cikin ƙanana suna masa dariya, sati uku ka neme shi ka rasa, yana kasuwa yana dako ko yana tura kurar ruwa. Matan kuma aikatau, daga nan sai aure. Akwai wata yarinya da na riƙe a ajina, kullum da allonta na can a jaka, irin ƙaramin baƙin nan da suke rubutu da alli, ta ƙi rabuwa da shi. Malam Bello shekarun jikokin nawa?

Bello_Tudunwada:
Babban zai kai sha biyar, sai mace mai sha biyu, sai tagwaye da aka goya aka tafi da su. Tagwayen ma ba su san Najeriya ba sam.

Lawali_Dansadau:
Ni ina magana ne a matsayin wanda ya gudu kuma ya koma. Shekara biyu na yi a Gusau ina ga-ruwa, ni da nake cika rumbu uku. Da na gaji na koma gida. Komawar ita ce sai an haɗa kuɗi an kai daji kafin a yi shuka, a sake haɗawa kafin girbi, wata ran kuma a aiko a ce gobe kowa ya fito aikin gonarsu, ka bar taka ka je ka yi wa wanda ya kashe ɗan uwanka noma. Ni namiji ne na daure. Kar wanda ya yaudari tsohuwar nan da sunan gida, gidan da take tunawa babu shi.

Ummu_Haidar:
Innalillahi. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amma Malam Lawali ai ba ƙauye za a kai ta ba, Gusau aka ce.

Lawali_Dansadau:
Hajiya in ta zo Gusau ta ji ana cewa wane ya koma wance ta koma, damina ta faɗi, wa zai riƙe ta? Na ga irinsu da yawa.

Ustaz_Murtala:
Bismillah. Ina so in tuna mana kalmar da muke ta faɗa ɗin nan, hijira, ba kalmar wulaƙanci ba ce. Sahabbai sun yi ta zuwa Habasha wurin sarkin da ba Musulmi ba ya karɓe su, Annabi SAW ya yi ta zuwa Madina, mutanen Madina suka raba dukiyarsu da baƙi. Nan ƙasarmu Shehu Usmanu a Maratta aka haife shi wadda yau tana cikin Nijar, ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ba wanda ya tambaye shi fasfo. Yanzu kuwa mace in an ce 'yar gudun hijira ce sai a rage mata kuɗin wankau. Shawarata ga Malam Bello, nauyin nan ba naka kai kaɗai ba ne, ina sauran dangi? Ku zauna ku yi karo-karo, ko a kama mata ɗaki kusa da kai ko a riƙa aika mata duk wata tana can. Sannan ka yi istihara.

Sani_Kaura:
Allah gafarta Malam dangi kam akwai su ranar rabon gado

Zainab_Khartoum:
Ni abin da zan ƙara kawai, kar ku raina tsayuwa a boda. Ina cikin ɗaliban da aka kwaso daga Sudan da yaƙi ya ɓarke Afrilun 2023. Mun baro Khartoum a bas muna murna mun tsira, muka zo iyakar Masar aka ce ba shiga, kwanaki muna zube a sahara, rana ta dake ka dare sanyi ya dake ka, banɗaki babu, ruwa sai an saya da tsada, mu da muke da fasfo da gwamnati na magana a kanmu ke nan fa. 'Yan Sudan da ke gefenmu da tsofaffi a keken guragu ban san yadda suka ƙare ba, har yau ina tuna wata mata da ke ta fifita mahaifinta da kwali. Tun daga nan in na ji an ce an rufe iyaka ba labarin rediyo nake ji ba. In za ka motsa da tsohuwa da yara huɗu ka tabbatar ƙofar a buɗe take ranar, kuma takardunsu na hannunka ba a ƙasan jaka ba.

Ibro_Askira01:
Allah sarki ƙanwata, sannu. Wannan kam ba daɗi.

Direba_Shehu:
Ni ke jigila Katsina zuwa Maraɗi, bari in ba ka ta aiki. Kar ka kuskura ka bi Ƙaura, Zurmi zuwa Jibiya don ka ga ta fi kusa. Ko dai ka zagaya ta Funtuwa ka shiga Katsina, Jibiya, Ɗan Isa sai Maraɗi, ko ka bi Sakkwato, Illela, Ƙonni, Madawa, wannan ma kafin ka kai Maraɗi za ka riski Gidan Runji. Kowacce ka bi sammako, la'asar ta same ka a masauki. Ka canji sefa tun daga gida kar ka bari sai bakin boda su yanke ka. Maganar takarda kuma tun da Nijar ta fice daga ECOWAS Janairun 2025 abin ya zama sai yadda ka tarar, ranar da aka yi sa'a katin ɗan ƙasa ya wuce da kai, wata ran a juya shi gaba da baya a ce ka sauko.

AbuZarrin_Lauya:
ECOWAS dai ta sanar a lokacin cewa za ta ci gaba da barin 'yan ƙasashen ukun da suka fice, Nijar da Mali da Burkina Faso, su shiga su fita ba biza har sai an sake sanarwa. Amma wannan ɓangarenmu ne, abin da na can zai yi a shingensa shi ya sani.

Nafisa_Gusau:
Ni har yanzu tambayata me ya sa mu nan ba za a yi wa mutanenmu matsuguni na sosai ba, da rajista da makaranta, sai dai a raba buhu a ɗau hoto? Da akwai ai da Bello bai shiga wannan ruɗanin ba.

Manomi_Suru:
Wasu na cewa in ka buɗe sansani kamar ka sallama ƙauyukan ne, mutane ba za su koma ba.

Lawali_Dansadau:
To yanzu da ba a buɗe ba sun koma?

Bello_Tudunwada:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci, na karanta duka har da na masu faɗan shinkafa. Ɗazu bayan magariba na samu mai wayar ya kai mata. Ashe akwai abin da ba ta faɗa min ba, babban yaron ya ce shi ba inda za shi, yana koyon gyaran babur wurin wani kuma yarinyar na lakwal, ita kuma ta ce ba ta tahowa ta bar su. Da na ce mata ƙauyen ba kowa sai ta yi shiru, can ta ce to itacen tsamiyar ƙofar gida fa, yana nan? Na ce ban sani ba Gwaggo. Na kira ƙannena biyu za mu zauna ranar Juma'a kan maganar karo-karon da Ustaz ya kawo, kuma ina ga zan bi ta Baba in je in gan ta tukuna. @Direba_Shehu katina na roba ya ɓace sai takardar NIN ɗin nan ta wucin gadi, tana wucewa?

Direba_Shehu:
Wani fasinjana ya wuce da ita satin da ya wuce, wani kuma an sauke shi da ita a wata guda. Ka haɗa da katin zaɓe, ka sa a leda.

Ummu_Haidar:
In za ka tafi ka yi min magana, ina da atamfa biyu da takalman yara ka kai mata. Tagwayen maza ne ko mata?

Hadiza_Maradi:
Kar ka ɗauko hatsi mai yawa dai a hanya, za su tsare ka da tambaya. Kuɗin ka riƙo ka saya mata a kasuwar Gidan Runji.